Kaskon Kiran Gada

Ni ɗan maharbi ne, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Gaskiya ma faɗarsa nake yi har ta wuce kima. A shekarun da na yi ina sayen kaya a Guangzhou, babu wanda ya ci abinci da ni sau biyu bai ji labarin Babana ba, da bindigarsa ƙirar maƙera, da dajin da ke bayan ƙauyenmu a kudancin Kano, da yadda na kayar da gadata ta farko tun gemu bai fito mini ba. Wanda ya fi kowa shan wannan labari shi ne abokin zamana, wani mutumin Maraɗi mai sayen mayafai, da muka haɗa gida a unguwar Liwan. In na fara sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, wagga gada taka kullum ƙara girma take. Bara awa akuya take, bana ta kai maraƙi." Ni kuwa ba na fasawa, domin na san abin da na sani.

Sana'ata a lokacin ita ce 'yan kantin yara. Ina saye a kasuwar Shisanhang, in ɗaure, in kai wa masu aika kaya ta filin jirgin Baiyun, ƙanena ya karɓa a Kano. Mutumin da nake sayen yawancin kayana a hannunsa ɗan gari ne, gajere mai fara'a, ba ya rabuwa da butar shayi. Laoban nake ce masa, wato maigida, kamar yadda ake ce wa kowane mai shago a can. Shi ma laoban yake ce mini, sai muka zama maigida biyu babu bara. Turancinsa gurgu ne, nawa ma ɗingishi yake yi, amma muna fahimtar juna. Kasuwa ta yi masa kyau, har shi da abokansa biyu suka kama hayar wani dutse a arewacin lardin, tafiyar awa uku da ɗoriya a mota, wurin da hukuma ta yarda a yi farauta in lokacinta ya zo. Can yake kai manyan baƙinsa. Hoton wurin na manne a bangon shagonsa, kuma a kan wannan hoto na fara cika masa baki.

A farkon shekarar da suka yi wasannin Olamfik aka yi wani sanyi da tsofaffin garin suka ce ba su saba ganin irinsa ba. A cikin birni ruwa ne mai ratsa ƙashi, amma a duwatsun arewa ƙanƙara ce ta daskare a kan itatuwa har rassa suka riƙa karyewa. Bayan hutun sabuwar shekararsu na koma shago na tarar da laoban babu fara'ar nan. Na tambaye shi ko kaya ne suka maƙale a hanya. Ya girgiza kai ya nuna mini hoton bango.

"Meyo," ya ce, wato babu. "Dabbobina suna ƙarewa. Na aika musu masara buhu-buhu, suna ci, suna mutuwa. Kai ka ce babanka maharbi ne. Zo ka gani."

Da wani ne ya cika baki irin nawa, da gabansa ya faɗi. Ni daɗi na ji, domin tun kafin ya rufe baki na san abin da ke kashe su.

Ranar Lahadi muka tafi. Mai gadin dutsen wani tsoho ne dogo siriri, mai hannaye kamar saiwar itace, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Yarensa ma na mutanen dutse ne, laoban kansa sai ya karkata kunne yake gane shi. Tsohon ya kai mu gindin wata bishiya ya ɗaga buhu, sai ga mushen dabbar. Ina ganinta na ji kamar na haɗu da 'yar garinmu a tasha. Gada ce sak, 'yar ƙarama, ja-ja, mai siraran ƙafafu, sai dai an ce ita wannan in ta tsorata haushi take yi irin na kare. Suna da sunan da suke kiranta da shi, ni dai gada na ce mata, kuma har yau ban canza ba. Cikinta ya kumbura tim. A gefe ga masara an juye ta tsibi guda a kan leda.

Na ce wa laoban, "Ba sanyi ne ya kashe ta ba, alherinka ne." Dabbar da ta yi makonni tana gwaguyar ɓawon itace da busasshen ganye, in ka juye mata hatsi zallarsa ta cika ciki, cikin zai yi tsami ya kumbura ya tafi da ita. Ko akuyar gida in ta faɗa rumbu haka take ƙarewa. A ƙauyenmu wannan ba ilimi ba ne, kowa da shi ya tashi.

A nan na zauna a kan dutse na karanta musu yadda Baba yake yi. Mutane suna ɗauka maharbi kisa kawai ya iya. Baba ya fi ciyar da daji fiye da yadda ya ci daga cikinsa. Akwai wata kanya a bakin rafi, can cikin dajinmu, inda shekara ta zagayo yana kai wa namun daji abinci. Da rani harawar wake da ta gyaɗa yake kaiwa, ya warwatsa ta nan da can don kada mai ƙarfi ya tare. Da damina, in ɗanyar ciyawa ta fito, kanwa suke nema ido rufe, sai ya daka ta ya kwaɓa da jar ƙasa ya yi curi-curi ya ajiye su riƙa lasa. Da kaka yakan bar su da abin da Allah ya ba su, sai 'yar kanwar. In sanyi ya kama ya ƙara musu dusa, tafi ɗaya tafi biyu, ba buhu ba. Kuma in ka fara ba ka dainawa, domin dabbar da ta saba samun abu a wuri ba ta san kai ka gaji ba. A reshen kanyar ya rataya bakin wata tsohuwar garma. In ya gama zubawa sai ya buga shi sau uku ya ja da baya, su kuwa sun san wannan ƙarar.

Duk wannan na faɗa, laoban yana juya wa tsohon, tsohon yana gyaɗa kai kamar wanda ake tuna masa abin da ya sani. Abu ɗaya ne ban faɗa ba. A wurin Baba, iyakar inda ƙarar ƙarfen nan take kaiwa, nan ba a harbi. In kana son nama ka wuce inda ba a jin ƙarfe, ka bi sawu da ƙafarka, ka sha rana, ta ga dabararka ka ga tata. Wadda ta zo saboda ka kira ta baƙuwarka ce. Na taɓa ɗaga gwafa a gindin kanyar nan ina yaro, don wata kurciya kawai, kunnena ya kwana biyu yana zafi. Ba mantawa na yi ban gaya wa laoban ba. Ban ɗauka abin faɗa ba ne. Na zaci duk inda ake farauta a duniya an san haka, kamar yadda ba sai an ce wa mutum ya cire takalmi a ƙofar masallaci ba.

Harawa ba ta yi wuya ba. A gindin dutsen akwai manoman gyaɗa da dankali, ganyen na jibge a bayan gidajensu. Kanwa ce matsalar. Na zagaya kasuwar kayan miya ina kwatance da hannu, kowa sai ya ce meyo. A ƙarshe na koma gida na tsaya a kan mutumin Maraɗi, domin na san yana da ƙullin kanwa ungurnu a ƙasan akwatinsa, wadda yake jefawa a wake yake kuma jiƙawa in cikinsa ya ɓaci.

"In ba ka kanwata ka kai ma naman daji?" ya ce. "Malam, ka taɓu. Kanwar da ta hau jirgi biyu kahin ta zo nan?"

Na ce, "Alhaji, rabi kawai. Lada za ka samu."

"Dakwar, na yarda, amma in gadar ta yi ƙiba cinya tawa ce."

Ya ba ni fiye da rabi yana mita. Daga baya ƙanena ya riƙa aiko mini da ita ta hannun 'yan uwa masu zuwa, suna tambayarsa ko na buɗe gidan koko ne a China.

Bakin garma ba mu samu ba, sai tsohon ya fito da wani tsohon kaskon suya na ƙarfe, mai faɗin faifai, ya huda gefensa ya rataya da waya a reshe, sama da kan mutum, ɗan nesa da inda muke zuba harawa. Ƙararsa ta fi ta garmar Baba zaƙi. Muka kwashe masarar aka kai wa kaji. Daga wannan makon mutuwa ta tsaya cak. Laoban ya kira ni a waya yana ta shiyeshiye, wato godiya, har na gaji da amsawa. Ni kuwa na shiga gidan abincin da muke haɗuwa ina tafiya kamar ni na ƙera dutsen.

A zuwana na uku na fara ganinta. Mun buga kasko mun ja baya mun zauna a kan wani kututture, can sai ga wata gada ta fito daga cikin gora, ramammiya, ana ƙirga haƙarƙarinta, kunnenta na hagu a yage kusan biyu. Ta tsaya ta daɗe tana shinshina iska. Sauran sai mun tafi suke fitowa, sawunsu kawai muke gani, amma ita yunwa ta cire mata kunya. Ta zo ta ja harawa tana kallonmu. Da ta kai ga curin kanwa ta lasa, sai ta tsaya, ta sake lasa, ta manta da mu gaba ɗaya. Tsohon ya dafa gwiwata yana dariya babu sauti.

Ni ba mai tausayin nama ba ne. Na yanka rago, na feɗe gada, kuma in aka ba ni kilishi ba na tambayar sunan saniyar. Amma wannan mai yagaggen kunne ta shiga raina, ba zan yi musu ba. Da damina ta sauka jikinta ya murmure, gashinta ya yi sheƙi. Wata rana ta zo da ɗa a bayanta, ɗan mitsitsi mai ɗigo-ɗigo a gadon baya. Tun tana tsayawa taku talatin daga gare ni har ta koma goma, har ta kai in ina zuba dusa tana tsaye tana jira in gama. Ba ta taɓa yi mini haushin nan da ake faɗa ba.

Da wasannin suka matso, zaman birni ya yi wa 'yan uwanmu tsauri. Sabunta biza ta zama aiki, da yawa suka tattara suka koma gida su jira ƙura ta lafa. Kaya a filin jirgi sai an bincike su ciki da bai, abin da ke tafiya a mako ya koma sai an manta da shi. Ni takarduna suna da sauran wa'adi, sai na zauna, amma babu abin yi. Mutumin Maraɗi ya tare a gaban talabijin yana kallon masu tsalle cikin ruwa yana salati. Ni kuwa sai in hau bas in tafi dutse, wani lokaci in yi kwana biyu a ɗakin tsohon. Ba mu da yare, amma ba mu taɓa rasa abin faɗa ba. Shi ya koya mini irin ganyen da gadansu suka fi so, ni na koya masa kwaɓa kanwa. Ya lura ba na cin naman tukunyarsa, sai ya ware mini tawa tukunyar, sabuwa, ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

A wannan lokacin ne na tarar da magina suna kafa wata 'yar bukka ta katako a kan tudu, tana fuskantar wurin ciyarwar. Laoban na wurin ranar. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce don baƙi su zauna su ga dabbobi. Na ji daɗi ƙwarai. Har na ce masa sun kafa ta ba daidai ba, iska daga nan take kaɗawa da yamma, za ta kai musu warin mutum. Na ja magina da hannuna na kai su ɗaya gefen, na nuna musu inda za su buɗe taga, da tsayin da za ta yi, yadda mai zaune zai ga komai ba a gan shi ba. Laoban ya ɗaga mini babban yatsa. Na koma birni ina ba mutumin Maraɗi labarin yadda na gyara wa injiniyoyin China aiki.

Azumi ya zo ya wuce, kasuwa ta fara dawowa, sanyi ya sake shigowa. Wata rana laoban ya tsiyaya mini shayi da hannu biyu ya ce ranar Asabar babbar rana ce, an buɗe lokacin farauta, yana da baƙi uku daga wani lardi, kuma yana so in zo da abokina. Na ce ai ko bai gayyace ni ba zan zo. Na kwana biyu ina shirin hawan dutse, har takalmin roba na saya. Na riga na zaɓi kwarin da za mu bi, can bayan dutsen inda ko kusa ba a jin kasko, inda na sha ganin sawun wani babban namiji.

Mun isa bayan azahar. Baƙin suna sanye da takalman ofis masu sheƙi. Tun daga nan na fara shan jinin jikina, domin ba a hawa dutse da irin wannan takalmi. Aka wuce da mu kai tsaye bukkar. A ciki an jera kujeru, an aza butar shayi. A bakin tagar da ni na auna da hannuna an ɗora wani ɗan buhun yashi, an lotsa tsakiyarsa, kuma a jingine da bango ga bindigar wurin, ma'aikacin da ke kula da ita yana tsaye a gefe.

Na ja laoban waje. Na ce, "Laoban, ba a nan za a yi harbi ba ko?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "To a ina? Don me muka ciyar da su shekara guda?"

Na yi ƙoƙarin bayani, Turancina ya ƙi ɗaukar kayan. Na ce wadda ka kira ba ka harbinta. Na ce a wurin Babana wannan abin kunya ne. Na nuna masa bayan dutse na ce ni zan kai su, zan nemo musu namiji. Ya saurare ni har ƙarshe, domin mutum ne mai ladabi, sannan ya nuna mini takalman baƙinsa da tumbin babbansu ya yi dariya. Ya ce mutanen nan sun yi tafiya mai nisa, ya riga ya gaya musu akwai ɗan maharbi daga Afirka da ya ceci dabbobinsa, kuma harbin farko nawa ne. Girmama ni yake yi, har cikin zuciyarsa. Ya ce in kuma ba na so babu komai, babban baƙon zai karɓa.

Ban ji haushinsa ba. Haushin kaina na ji, irin wanda ke sa mutum ya ji bakinsa ya yi ɗaci. Ni na kawo kanwa, ni na kawo kasko, ni na buɗe taga. Kuma na san wadda za ta fara fitowa in aka buga. A taku goma sha biyar, bindiga a kan buhun yashi, ko mai tumbin nan ba zai kuskure ta ba. In na ƙi karɓa, na wanke hannuna ne kawai, ita kuwa ta tafi. In ma yau ta tsira, gobe akwai wasu baƙin, kuma kaskon na nan a rataye.

Na ce, "Ba ni bindigar."

Mutumin Maraɗi ya tafa hannu. "Yawwa! Yau za mu ga abin da aka daɗe ana hwaɗi. Malam, kar ka manta cinyata."

Rana ta yi sanyi. Tsohon ya sauka ya warwatsa harawa kamar kullum, ya buga kasko sau uku, ya hawo ya tsaya a ƙofar bukka. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na zauna na aza bindiga a kan yashi. Ba irin ta Baba ba ce, amma kafaɗata ta gane ta. Kowa ya yi tsit, ana jin tafasar ruwan shayi.

Ba ta daɗe ba. Ta fito daga cikin gora da tafiyarta ta mai gida, ɗanta da ya zama saurayi yana biye, can baya kuma wasu biyu suna leƙe. Ta sunkuya ta ja harawa. Laoban ya taɓa kafaɗata a hankali. Na ga yagaggen kunnen yana motsi yana korar ƙuda. Kaskon yana can sama ta hannun dama, ya fi ta nisa da kusan ninki, yana ɗan juyawa a kan wayarsa, wani lokaci ya ba ni fuska wani lokaci ya ba ni gefe. Na jira ya ba ni fuska. Na yi bismilla na ɗaga bakin bindigar kaɗan na danna.

Ƙarar bindiga da ƙarar ƙarfe suka tashi tare, dutse ya amsa. Kafin hayaƙi ya washe babu ko ɗaya a wurin, sai ganyen gora da ke kaɗawa.

Mai tumbin ya fashe da dariya, sauran suka bi. Ba sai an fassara mini ba. Laoban ya yi murmushin da bai kai ido ba, kunyar baƙinsa ta kama shi, kuma wannan ya dame ni don bai cancanci haka daga gare ni ba. Mutumin Maraɗi kuwa har da zama a ƙasa. "Taku sha biyar! Wallahi da takalmi na jehe ta da na same ta! Malam, ashe gadar taka ta hwarko ma tsuhwa ta kashe ta!" Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi reshe. A kunnensu duka ƙarar bindiga ce da amsawar dutse. Suka sa tsohon ya sake kira, shi kuwa ya ɗauko wani ƙarfe daban ya yi ta bugawa har magariba ta kawo kai, ko ɓera bai fito ba. Aka koma gindin dutse aka ci kaji, ni na ci shinkafa da ganye.

Kafin mako ya zagayo labarin ya gama gari. Daga masu sayen takalmi har masu haɗa kaya a Baiyun, Kanawa da mutanen Yamai da na Kumasi, kowa ya samu abin taɓa ni da shi. In na shiga gidan abinci sai wani ya ce a ɓoye cokula ga maharbi nan. Na yi dariya tare da su. Da na buɗe baki na faɗi gaskiya, da maganar ta koma kunnen laoban cewa da gangan na kunyata shi a gaban baƙinsa, shi kuwa gara ya ɗauke ni mai cika baki da ya ɗauke ni maci amana. Labarin gadata ta farko dai daga ranar na daina ba da shi. Laoban ya yi 'yan makonni yana gaishe ni a tsaye, daga baya butar shayi ta dawo.

Bayan Babbar Sallah na hau bas na koma dutse ni kaɗai, da ƙullin kanwa a jaka, domin wanda ya fara ba ya dainawa. Tsohon na zaune a ƙofar ɗakinsa. Da ya gan ni sai ya shiga ciki ya fito da kaskon. Ya ɗaga shi saitin rana. Ga huda nan a tsakiyarsa, haske na ratsowa. Ya zura ɗan yatsansa a ciki, ya dube ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya. A duk ƙasar China wannan ne kawai yabon da na samu a kan harbi, kuma ya ishe ni.

Da hannu ya ba ni sauran labarin. An rataya sabon ƙarfe, an buga an buga, ba sa zuwa. Wurin ciyarwar ya zama kufai, bukka ta zama ma'ajiyar harawa. Shi kuwa yanzu goya harawar yake yi a baya ya hau da ita, ya zuba kaɗan a nan kaɗan a can cikin sarƙaƙiya, yau a wannan kwari gobe a wancan, babu kira babu ƙara. In gari ya waye sai ya tarar an cinye. Baƙon da ke son nama sai ya cire takalmin ofis.

Muka daka kanwa muka kwaɓa, muka ɗauka muka hau. Mun yi tafiya mai nisa, har muka zagaya bayan dutsen. Ina sunkuye ina ajiye curi a gindin wata bishiya, tsohon ya taɓa ni ya nuna da haɓa. Tana can tsallaken kwari, a kan wani falalen dutse, ta yi ƙiba, gashin sanyi ya rufe ta, yagaggen kunnen a miƙe. Farin ciki ya kama ni har na manta kaina, na miƙe tsaye da kanwa a hannuna na miƙa mata, kamar yadda na saba.

Ta dube ni sosai, na tabbata ta gane ni. Sai ta buga ƙafa a ƙasa ta yi haushi, sau ɗaya, sau biyu, mai kaifi, duk kwarin ya ɗauka. Ta juya ta faɗa cikin gora.

Abin da na nema ke nan, kuma da za a sake ba ni bindigar nan kaskon zan sake harbi. Amma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na ajiye mata kanwar a gindin bishiyar, na goge hannuna a wando, muka sauko.